Shekarar da Ban Kai Taki Ba

Ranar Talata Yaya ya dawo daga Kano, kuma tun daga ranar hankalina ya ƙi kwanciya. Duk shekarun da ya yi yana aiki a wani kamfanin roba a birni, inda ake yin buta da bokiti da kujeru, da Asabar muka san shi. Zai iso Gwarzo da yamma da burodi a leda, ya kwana biyu da iyalinsa a sashensu na gidanmu, Litinin da asuba ya kama motar farko. Sai ga shi ranar Talata da rana tsaka, mota ta sauke shi a ƙofar gida da katifa naɗe da igiya, da risho, da fanka, har da ƙusar da yake rataye kaya.

"Hutu aka ba mu, Malam," in ji shi, yana karkaɗe rigarsa. "Gyaran injina ake yi."

Malam yake kirana, rabi girmamawa rabi tsokana, saboda ina koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi da ke bayan tasha. Na ce Allah ya sa a gama gyara lafiya, na kama masa katifar muka shiga. Ina ɗauke da ita ina tambayar kaina wane irin hutu ne mutum yake tahowa da fanka.

Abin da ya tsorata ni ba katifar ba ce, gona ce. Da aka raba gadon mahaifinmu, ni aka ba ni wani ɗan fili a gefen gari, gari ya cinye shi, na sayar na yi karatu. Yaya kuwa babbar gonarmu ta wajen Durun ce ta faɗo masa. Tun da yana da aikinsa a birni, sai ya ba ni aronta, ya ce in riƙa nomawa har abin da Allah ya yi. A cikinta na yi aure, da dawarta aka yaye 'ya'yana. Albashin makaranta sabulu da kananzir kawai yake saya, wani watan ma sai an yi wa mai makarantar zarya. Abincin gidana a gonar nan yake, kuma gonar ba tawa ba ce.

Makon gyaran injina ya wuce, na biyu ya bi shi, Yaya bai ɗauki jaka ba. A majalisar da muke zama bayan magariba na ji gaskiyar magana, daga bakin wani direba da ke jigila tsakanin Gwarzo da Kano. Ya ce kamfanin su Yaya ya daɗe yana tangal-tangal, wuta babu, dizal ya fi ƙarfinsu. Da farko sun soke aikin dare, daga baya suka tara mutane a bakin ƙofa suka ce kowa ya je gida, za a neme shi. Ya faɗa yana kallona ƙasa-ƙasa, kamar yana jira ya ga ko na sani. Na gyaɗa kai irin na wanda ya daɗe da sani. A raina kuwa haushi ne ya cika ni, a ce ciki ɗaya muka fito, gida ɗaya muke kwana, amma sai a bakin direba zan ji.

Ba Yaya kaɗai ba ne. A shekarar nan garin ya cika da mutanen da muka saba gani sai da salla. Wannan daga masaƙa, wancan daga kamfanin fata, wani kuma shagon ubangidansa ne ya rufe a kasuwa. Za ka gane su da tsabtar takalmi da yawan duba waya. Da farko sai ka ji suna ba da labarin birni da ƙarfin murya, bayan 'yan makonni muryar ta ragu, daga nan sai ka ga mutum ya fara zagaya gonar gidansu da yamma, hannu a baya, wai motsa jiki yake yi. Maƙwabcinmu ma haka ta faru da shi. Ƙanin mahaifinsa ya dawo daga birni, ya yi ta gaishe shi da fara'a, ranar nan kawai ya aiko a ce masa bana yana son gonarsa.

A wajenmu aron gona yana da ƙa'idarsa, ko da yake ba wanda ya taɓa rubuta ta. Mai gona in yana son abinsa, bayan kaka yake magana, kafin a kai taki. Da zarar wanda aka ara wa ya tsibe takinsa a ciki, to ta zama tasa sai an girbe amfanin wannan daminar, kuma duk wanda ya karɓe ta a haka, gari zai yi da shi. Saboda haka taki a wajenmu magana ce. Wanda ya kai ya ce yana nan, wanda bai kai ba ya ce ya saki. Ni kuwa kowace shekara ina cikin na farkon kaiwa. Tun ana sussuka nake fara tara kashin awaki da toka da sharar gida a bayan katangarmu, in ya yi yawa in ɗauki mai amalanke ya yi mini sawu-sawu zuwa Durun.

A wannan shekarar takin ya taru kamar kullum, amma na ƙi kiran mai amalanke.

Mai ɗakina ta kasa gane mini. Wata safiya tana damun koko ta ce, "Malam, takin nan fa ya kusa kamo katanga. Ka kai shi mana mu huta da tunani."

Na ce, "In kai wa wa?"

"Ka kai wa gonarka."

"Wace gonar tawa? Ke ba kya ganin abin da ake shiryawa? Jira ake in zuba ƙarfina a ciki, sannan a turo mini dattawa su ce in yi haƙuri, ɗan'uwana ne, ba shi da aiki, yana da iyali. Wa zai iya ce wa dattawa a'a? Shi ke nan an samu gona da taki a kyauta."

Ta ce, "To ka tambaye shi mana."

Na ce ni ba zan tambaya ba. Shi ne babba, shi ne mai gona, shi ya kamata ya buɗe baki. Kuma akwai wani abin da ban faɗa mata ba: in na yi gaggawar kai taki alhali yayana yana zaune ba aiki, cewa za a yi na rufe masa ƙofar gonar ubansa. Ta kowane gefe na duba, sai in ga rami.

Na zuba wa Yaya ido. Komai ya yi sai na auna. In ya gaishe ni ya tsawaita, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sai in ce share fage yake yi. In ya gajarta, in ce ya fara ja da baya don kada nauyina ya hana shi magana. Ranar da na tarar da shi a tsakar gida yana wasa tsohuwar fartanyar mahaifinmu a kan dutse, kasa cin tuwo na yi, ashe matarsa ce za ta share bayan ɗaki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake yi da takin. Duk sanda ya zo wucewa sai ya ja ya tsaya, ya taɓa shi da ƙafa, ya ce, "Malam, takin nan ya yi kyau fa. Ya ruɓe yadda ake so." Ni kuma in ce, "Ya yi kam," in wuce. A raina ina cewa, ai dole ya yi maka kyau, tun da ba kai ka tara ba.

Da na ga rani yana tafiya ba wanda ya ce uffan, sai na yanke shawarar in nemi abin da zan dogara da shi in an karɓe gonar. A nan na san halin da gari yake ciki. Na fara da makarantu, tun da shi na iya. Duk inda na je sai in tarar an riga ni, kuma waɗanda suka riga ni sun fi ni takardu, sun yarda da abin da ni ma nake rainawa. Mai makarantarmu kansa ya fara yi mini wani irin kallo, yana yawan ba ni labarin masu digirin da ke zuwa neman koyarwa, har na daina tambayarsa albashi da ƙarfi. Na je sakatariya a Kabo wajen wani abokin karatuna, ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya ce rabon da a ɗauki ko masinja ya manta, kuma in an tashi ɗauka daga sama ake turo mutane. Na leƙa injin casar shinkafa, na tarar da magidanta a gindin bishiya suna jiran a kawo buhu su yi rububin ɗauka. A kowace kusurwa ta gari akwai mai teburin cire kuɗi, wani wajen su uku a jere suna hamma. A mararraba kuwa baburan haya sun yi layi kamar ranar ɗaurin aure, don a birni an hana su, kowa nan yake kawo nasa.

Wata Alhamis na je wani gidan bulo a kan hanyar Kabo, don na ji ana neman wanda zai riƙa tsaya wa ma'aikata. Ina shiga na hango Yaya a can ƙarshen fili, tsaye gaban mai wurin, ya cire hula yana riƙe da ita a hannu. Mutumin da ya yi shekaru yana juya injin da ya fi ɗakinmu girma, ga shi yana sunkuyar da kai gaban yaron da ko ni bai kai shekaru ba. Tausayinsa ya kama ni sosai. Na koma bayan tulin yashi na tsaya har ya fita. Na ɗauka bai gan ni ba. Da yamma muka ci tuwo a kwano ɗaya a zaure, muka yi hirar tsadar masara, ba wanda ya ambaci bulo.

Tausayin bai daɗe ba zargi ya dawo, har ya fi na da. Na ce tun da ya nema ya rasa, yanzu kam babu abin da ya rage masa sai gona. Sai kuma ya fara fita da sassafe ba ya faɗar inda za shi. Sau biyu aka ce mini an gan shi a wajen Durun, sau ɗaya a ƙofar gidan mai unguwa. Na ce shi ke nan, dattawan ne ake haɗawa. Na shirya abin da zan faɗa musu tsaf, har ina maimaita shi a hanyar makaranta. Kullum na ji sallama a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, amma ba wanda ya zo.

Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa. Mutane sun gama sharar gona, ni ko leƙa tawa ban yi ba tun kaka. Wata ranar Asabar na kasa daurewa, na hau keke na nufi Durun. Tun daga nesa na hango fararen shanu a tsakiyar gonar, an kafa musu turaku, ƙasa ta yi baƙi da kashinsu. Ka ga alamar sun daɗe suna kwana a wurin, ana matsar da su daga wannan gefe zuwa wancan, yadda ake yi in ana son taki ya game ko'ina.

Na san shanun. Na wani Alhaji ne da muke iyaka da shi ta arewa, dattijo, iyayensa makiyaya ne da suka zauna a wurin tun kafin a haife mu, yanzu yana noma yana kiwo. Na same shi a inuwar ɗorawa yana gyaran igiya. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi yara da makaranta da zafi, na tambayi iyali da dabbobi, muka sake zagayowa. Can na ce, "Alhaji, na ga shanu sun samu wurin kwana. Yaya ne ya ce a zauna masa?"

Ya ajiye igiyar ya dube ni. Ya ce, "Malam, yayanka bai faɗa maka ba?"

Na ce bai faɗa ba.

Ya yi salati, ya ce shi wallahi ya ɗauka da sanina aka yi. Jingina Yaya ya ba shi gonar, a gaban mai unguwa da shaidu, zai riƙa nomawa har ranar da aka dawo masa da abinsa. Ya ce sai da ya tambaya, ina ƙaninka da ke ciki? Yaya ya ce masa na saki, kuma shi ma da ya zo ya duba bai ga ko tsibi ɗaya na taki ba. "Da na ga takinka, Malam, ko kyauta aka ba ni ba zan shiga ba. Ka san ni."

Na san shi, kuma gaskiya ya faɗa. Duk ranin nan ina tsaron kada Yaya ya karɓe gonar ya noma, ban taɓa kawo wa raina cewa za ta fita daga gidanmu gaba ɗaya ba. Na tura keken da hannu har na yi nisa kafin na iya hawa.

Da na iso gida bayan la'asar na tarar da sabon babur a zaure, ko ledar kujerarsa ba a cire ba, yara sun kewaye shi suna shafawa. Yaya yana zaune a kan tabarma. Ya kore su, ya ce in zauna. Ban zauna ba.

Na ce, "Yaya, daga Durun nake."

Ya ce, "Na sani. Yau dama nake son in yi maka magana."

"Yau? Bayan shanu sun gama kwana?"

Ya gyara zama a kan tabarma. Sannan ya ce, "Malam, sau nawa na tsaya a kan takin nan na ce maka ya yi kyau? Me kake so in ce? In ce ka kai, ka ce ina yi maka gori da gonata? Na jira ka, na jira ka. Kowa ya kai nasa, naka yana bayan katanga. Sannan na gan ka a gidan bulo, ka ɓuya a bayan yashi. Aka ce an gan ka a sakatariya, an gan ka a injin shinkafa. Na ce yaron nan ya gaji da noma, nauyina yake ji ya faɗa. Ni kuma rabona da fartanya tun ina saurayi, bayana ba zai iya ba. Yara suna kallona. Wallahi da ka kai ko mangala ɗaya, da ban taɓa ta ba."

Na ce, "Da ka tambaye ni."

Ya ce, "Kai ma da ka tambaye ni."

Ya ce jingina ce ba sayarwa ba, da babur ya fara kawowa zai fanso ta. Na dubi babur ɗin, na tuna layin da ke mararraba, na shige cikin gida.

Har yau ina juya maganarsa, kuma ban gama yarda da ita ba. Wani lokacin in ce gaskiya ya faɗa, mu biyu ne muka zauna muna gadin juna har abin ya wuce mu. Wani lokacin kuma in ce a'a, mutumin da ya iya zuwa wajen mai unguwa, ya iya nemo shaidu, ya iya zuwa Kano ya zaɓo babur, bai rasa bakin da zai tako sashena ya yi mini tambaya ɗaya ba. Wataƙila tun ranar da ya sauke katifa ya san abin da zai yi, rashin takin hanya kawai ya ba shi. Na fi son in yarda da ta farko, amma ta biyun ba ta bar ni ba. Takin kuwa wani mai lambu na bar wa ya kwashe, don na gaji da ganinsa.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, rumbuna ya kusa ƙasa. Makaranta ta yi hutu, kuma mai ita ya ce in an dawo za a haɗa azuzuwa, in jira sai ya neme ni. Ana cikin haka Alhaji ya aiko. Ya ce yana ɗaukar 'yan ƙwadago don noman farko, in ba zan ji komai ba yana so in zo, tun da na san inda ruwa yake kwanciya a gonar. Mai ɗakina ta ce kada in je, gara mu ci kanzo. Na ce mata kanzon ma sai an dafa tuwo ake samunsa. Duk yawon da na yi daga Gwarzo zuwa Kabo, wannan ne aiki na farko da aka kira ni.

Da safe na fito da fartanya a kafaɗa, na tarar tayar kekena ta sace. Na taka zuwa mararraba. Masu babura suka yo kaina, kowa yana kira, sai na ga Yaya a cikinsu, ya rame, hularsa ta yi ƙura. Ya dubi fartanyar, bai tambayi inda za ni ba, ya ce, "Hau, Malam."

Na hau, muka nufi Durun. Ya tsaya a bakin iyaka bai kashe inji ba, fuskarsa tana kallon hanya. Dawa ta fito kore shar, irin fitowar da ban taɓa samu ba duk shekarun da na yi a ciki, 'yan ƙwadago sun riga sun kama kunya. Na sauka, na sa hannu a aljihu na ciro kuɗin haya na miƙa masa. Ban san me ya sa ba, ina jin so nake ya ƙi, ya yi mini faɗa kamar da, ya ce yaushe na fara raina shi.

Ya dubi hannuna. Ya ce, "Tun asuba kai ne na farko, kuma mai ya kusa ƙarewa." Ya karɓa, ya juya babur ɗin ya tafi. Na cire takalmina na ajiye a gindin ɗorawa, na je na kama kunyar da ke kusa da ta ƙarshe.